Ƙafar Akuya: Matsayin Ipomoea pes-caprae a Rabe-raben Tsirrai

Gabatarwa

Wannan maƙala ta yi nazarin wata yaɗo da ke lulluɓe rairayin gaɓar teku a ƙasashe masu zafi, ciki har da gaɓar Nijeriya da Gana, wadda masana ke kira Ipomoea pes-caprae. Manufar ita ce a nuna yadda fure ya tantance jinsinta, ganye kuma ya tantance irinta.

Siffa da Muhalli

Tsiron yana yaɗuwa a kan yashi, kuma reshe guda kan kai tsawon mita 30, yana kafa saiwa a gaɓoɓinsa. Ganyensa mai kauri ne, da tsagi a ƙarshensa kamar kofaton akuya. Daga nan aka sami sunan, domin pes-caprae a Latin na nufin ƙafar akuya. Furensa ja ne mai sirkin shunayya, mai siffar mazurari, yana buɗewa da safe ya yanƙwane kafin yamma. Yana jure gishiri da zafin rana da binnewar yashi. Ƙwayar irinsa tana yawo a bisa ruwan teku ba tare da ta lalace ba, wanda shi ne sirrin bazuwarsa a nahiyoyi.

Matsayinsa a Rabe-rabe

Tsiron yana cikin dangin Convolvulaceae da jinsin Ipomoea mai ire-ire fiye da 600. Ke nan ɗan'uwan dankalin Hausa ne, wato Ipomoea batatas, da kuma duman kada, wato Ipomoea asarifolia.

A shekarar 1753 Carl Linnaeus, masanin ƙasar Suwidin, ya sanya shi cikin jinsin Convolvulus. A 1818 Robert Brown, ɗan Sikotland, ya mayar da shi cikin Ipomoea. Bambancin jinsunan biyu yana cikin fure. A Convolvulus, kan sashen mace, inda ƙurar fure ke sauka, ya rabu gida biyu sirara. A Ipomoea kuwa dunƙulalle ne, ita ma ƙurar tana da ƙananan ƙayoyi. Saboda haka ake rubuta (L.) R.Br. bayan sunan, don tunawa da wanda ya fara raɗa shi da wanda ya sauya masa gurbi.

Haka kuma, an raba irin gida biyu. Na farko, pes-caprae, tsagin ganyensa mai zurfi ne, kuma ya fi yawa a gaɓar Tekun Indiya. Na biyu, brasiliensis, tsaginsa bai yi zurfi ba, shi ne ya game gaɓoɓin ƙasashe masu zafi, har da Afirka ta Yamma. Linnaeus ya ɗauke su a matsayin iri biyu mabambanta, daga baya aka haɗe su.

Kammalawa

Amfanin wannan tantancewa ya wuce ɗakin karatu. Ana shuka ƙafar akuya don ta riƙe yashi, ta rage zaizayar gaɓa. Duman kada yana kama da ita ƙwarai a fure da yaɗo, sai dai ganyensa mai siffar ƙoda ne, ya fi son fadama da bakin rafi, kuma yana cutar da dabbobin da suka ci shi. Kama da wane ba ta wane. Mai aikin kare gaɓa da bai duba tsagin ganye ba yana iya shuka guba a inda ya yi nufin shuka garkuwa.