Yadda Ake Kafa Shingen Shanu a Ƙasar Wudil

Idan damina ta kankama a ƙasar Wudil, shuka ta rufe ƙasa har bakin burtali, ya wajaba ga makiyayi ya killace dabbobinsa kafin almuru, domin hukuncin malaman Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala, shi ne ɓarnar da dabba ta yi wa gona da dare biyanta yana wuyan mai ita. Makwancin da ake killace su a ciki shi Fulani suke kira hoggo, Bahaushe kuwa ya ce shinge.

Farkon aiki shi ne zaɓen wuri, kuma a nan ake gane dattijon da ya san kiwo, don ba ya yarda da kwari ko fadamar kogin Wudil, komai kyan ciyawarta, sai tudun jigawa inda ruwa ba ya kwana, saboda taɓo yana ɓata kofato, ga sauro da ƙuda. Daga nan samari su shiga daji da gatari su saro magarya da farar ƙaya da ɗunɗu, su riƙa jawo su da gwafa, domin ba a rungumar ƙaya. Sai a jera rassan a kewaye, gindi yana ciki, kaifi yana waje, ana cusa wannan cikin wancan ana dannewa, har su sarƙe su kai ƙirjin mutum. Hikimar kewayen, a ganina, ita ce babu lungun da bijimi zai ritsa raunanniyar saniya ya soke ta.

Bisa al'ada shingen yana yamma da bukkoki, a tsakaninsu kuma a kafa turaku biyu, kudu da arewa, a miƙa dangwali, igiyar nan mai maɗaurai da ake ɗaure 'yan maruƙa, kowanne da gurbinsa gwargwadon shekarunsa, don kada su tsotse nonon da za a tatsa da safe. Ƙofa ɗaya tak ake bari, babban reshe ne marufinta. Bayan magariba a hura wuta a tsakiya da busasshen kashin shanu, shanun kuwa su kewaye hayaƙin da kansu, ba sai an kora su ba.

Da zarar wurin ya caɓe, sai a ɗage shingen gaba kaɗan; wanda ya yi kasala a nan, ranar Juma'a a kasuwar shanu ta Kara dillalai za su karanta masa laifinsa a jikin shanunsa. Bayan kaka kuwa al'amari yakan juya, manomin da ya yi ta tsaron gonarsa shi ne mai roƙon a sauka a cikinta saboda taki, har ya haɗa da damin dawa. A yau noma ya cinye daji, ƙaya ta yi wuya, da yawa sun koma ga turke da waya.