Ƙanena Ba Ya Magana a Gaban Likita

Tambaya: Ƙanena yana jin muryoyin da babu mai jin su sai shi. Duk wata muna tasowa daga Rogo zuwa Kano ganin likitan ƙwaƙwalwa, amma da an tambaye shi sai ya ce lafiya lau. A gida kuma yana ɓoye ƙwayoyin maganin da aka ba shi. Yaya zan yi? Wata 'yar'uwa daga Rogo.

Amsa: 'Yar'uwa, sannu da ɗawainiya, Allah Ya ba shi lafiya. Shirun nan ba taurin kai ba ne. Sau da yawa tsoro ne kada a kwantar da shi, ko kuma maganin na sa masa taurin jiki, rawar hannu da dalalar yawu, ya rasa yadda zai faɗa.

Daren tafiya ku zauna, ki rubuta abu uku da shi kansa ya ce suna damunsa, da kalmominsa. A asibiti, ko Dawanau ne ko na Malam Aminu Kano, ki bar shi ya fara magana, kada ki ari bakinsa. Ki tafi da kwalayen maganin. Ki faɗa wa likita yana ɓoye ƙwayoyin, amma ki sanar da ƙanen naki tukuna. Likita na iya rage magani, ya canza, ko ya koma allurar wata-wata. In ana masa ruƙiyya ko maganin gargajiya, wannan ma ki faɗa.

Kada ki yi masa gardama kan muryoyin. Tambaye shi me suke ce masa. In suna umartarsa ya cutar da kansa ko wani, kada ku jira ranar da aka ba ku. Ku kai shi babban asibitin Rogo ko na Karaye a ranar.