Ƙaramar Hukuma da Harajin Gidaje: Abin da Ya Kamata Mai Gida Ya Sani

Asalin Ƙananan Hukumomi

Kafin shekarar 1976 kowane sashe na Nijeriya yana da irin nasa tsarin mulkin gargajiya da na gari. A Arewa an daɗe ana aiki da En'e, wadda ke tara haraji da jangali tana zubawa a Baitulmali. A shekarar 1976 ne Gwamnatin Tarayya ta kafa tsari guda ga ƙasa baki ɗaya, aka ƙirƙiro ƙananan hukumomi 301. Yau akwai 774, watau 768 a jihohi 36, da shida a Babban Birnin Tarayya, Abuja.

Yadda Aka Tsara Su

Sashe na 7 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce jama'a ne za su zaɓi masu tafiyar da ƙaramar hukuma. An kasa kowace ƙaramar hukuma zuwa mazaɓu, kowace mazaɓa na tura kansila ɗaya. Kansiloli su ke yin dokokin yanki da amincewa da kasafin kuɗi, Shugaba kuwa shi ke zartarwa. Ƙarƙashinsa akwai Sakatare da Ma'aji da shugabannin sassa, kamar na ayyuka da lafiya da aikin gona. Ayyukan da aka ɗora mata sun haɗa da kula da kasuwanni, tashoshin mota, mahauta, maƙabartu, magudanun ruwa da kwashe shara, da rajistar haihuwa da mutuwa da aure.

Ina Kuɗin Ke Fitowa?

Hanya ta farko ita ce kason Asusun Tarayya, inda ƙananan hukumomi duka ke raba kashi 20.6 cikin ɗari. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyansu wannan kaso kai tsaye. Amma kason yana hawa yana sauka bisa ga abin da ƙasa ta samu, musamman daga man fetur. Hanya ta biyu ita ce kuɗin shiga na cikin gida, kuma a nan ne harajin gidaje ke da muhimmanci, domin gida ba ya ƙaura, ba ya kuma ɓoyuwa.

Yadda Ake Yanka Harajin

Tsarin Mulki ya ba ƙaramar hukuma ikon ƙiyasta darajar gidajen jama'a, amma Majalisar Dokokin Jiha ce ke tsayar da abin da za a biya. Da farko ana sa wa tituna suna, gidaje kuma lamba. Sannan ma'aikacin ƙiyasi ya duba girman gida, da irin gininsa, da unguwar da yake, da amfanin da ake yi da shi. Misali, idan aka ƙiyasta cewa gida zai ci hayar naira 200,000 a shekara, doka kuma ta ce kwabo biyar a kowace naira, to mai gida zai biya naira 10,000. Galibi ana ɗauke wa masallatai da coci-coci da maƙabartu. Tsarin ya bambanta daga jiha zuwa jiha: a shekarar 2001 Jihar Legas ta haɗe wannan haraji da kuɗin ƙasa, ta mai da su biya guda.

Haƙƙin Mai Gida

Wajibi ne mai gida ya nemi takardar biya mai ɗauke da lambar gidansa da yawan kuɗin. Kada ya miƙa ko kwabo ga wanda bai ba shi rasit na hukuma ba. Idan ya ga an tsawwala masa, sai ya rubuta ƙorafi cikin wa'adin da dokar jiharsa ta ɗiba, maimakon ya ƙi biya.

Hukumar da ta dogara ga kason Abuja kaɗai ba ta cika jin nauyin mutanenta ba. Amma wanda ya biya daga aljihunsa, ya kuma adana rasit, yana da bakin tambayar kansilansa dalilin da ya sa kwatar unguwa ta toshe ga damina ta kawo jiki. Saboda haka biyan haraji rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne bin sawun kuɗin.