Akwatin Imel Ya Cika

Tambaya: Ni ɗaliba ce a Jami'ar Sule Lamido, Kafin Hausa. Imel ɗina ya daina karɓar saƙo, kwamfutata kuma ta cika. Yaya zan yi?

Amsa: 'Yata, kwantar da hankalinki. Gigabait 15 da Google ke bayarwa kyauta, Gmail da Drive da Photos ne ke rabonsa. Fara da goge saƙonni masu manyan maƙalallun fayiloli, sannan ki zazzage kwandon shara, domin abin da aka goge yakan yi kwana 30 a ciki yana cin wuri. A kwamfutar kuma, ware wa kowane darasi jakarsa ta fayiloli. Takardun karatunki kuwa, kwafe su a filashi, ki adana inda danshin damina ba ya kaiwa. Allah ya ba da sa'a.