Ƙashin da ake gasawa kamar tukunya

Yara, in ƙashi ya karye aka ɗora shi da kyau, yakan haɗe da kansa. Amma wani lokaci hatsarin mota ko cuta kan cinye wani yanki na ƙashin, a bar rami. In ramin ya yi girma, ba ya cikewa shi kaɗai. Likitoci sukan yanko ƙashi daga ƙugun majinyaci su cike shi, sai ciwo ya zama biyu.

Da me aka yi ƙashi? Wajen sulusi biyu na nauyinsa ma'adini ne mai suna fosfat na kalsiyom. Irinsa ne ke cikin dutsen jihar Tawa da ake niƙawa a yi taki.

A shekarar 1920, wani likitan Amurka mai suna Albi ya gwada wannan ma'adini a ƙashin zomaye. Daga shekarun 1970, masana suka fara haɗa tsabtataccen garinsa, suna gasa shi cikin wutar da ta wuce digiri 1000. Sukan bar ƙananan ƙofofi a cikinsa. In an sa shi a ramin, jijiyoyin jini su shiga ƙofofin, sabon ƙashi ya tsiro a ciki. Jiki ba ya ƙin sa, don ya san shi.

Sai dai yana fashewa kamar kasko. Shi ya sa inda ƙashi ke ɗaukar nauyi, ake tallafa masa da ƙarfe.

Aiki: Ku jiƙa siririn ƙashin kaza cikin binegar har mako guda, sannan ku lanƙwasa shi. Me ya fita daga cikinsa?