Darasi Kan Gishiri Mai Iyodi da Kiyaye Hankalin Zuriya

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, malamanmu sun karantar da mu cewa Shari'a ta zo ne domin kiyaye abubuwa biyar: addini, rai, hankali, zuriya da dukiya. Darasinmu na yau ya shafi hankali da zuriya, ta hanyar wani abu da ke cikin tukunyar kowane gida, wato gishiri.

A gaban wuyan ɗan Adam Allah ya halicci wata ƴar tsoka wadda ke daidaita girman jiki da ginuwar ƙwaƙwalwa. Ba ta iya aikinta sai da sinadarin iyodi, wanda ƴan'uwanmu na Najeriya ke kira aidin. Buƙatar baligi maikirogiram 150 ce a yini, ta mai ciki da mai shayarwa kuwa 250. Idan tsokar ta rasa shi sai ta kumbura. Wannan kumburi shi ne maƙoƙo, wanda wasunmu ke jingina wa sammu.

Maƙoƙo shi ne abin da ido ke gani, amma ɓoyayyar cutar ta fi shi muni. Mai cikin da ta rasa iyodi tana iya yin ɓari, ko ta haifi ɗan da bai zo da rai ba, ko wanda ƙwaƙwalwarsa ba ta ginu sosai ba. Sau nawa muke dukan yaro a makarantar allo don ya kasa riƙe karatu, alhali mai yiwuwa an tauye shi tun yana ciki? Taɓuwar da ta auku a wannan lokaci ba ta gyaruwa daga baya.

Iyodi ya fi yawa a cikin abincin teku, ƙasarmu Nijar kuwa ba ta da teku. Gishirinmu na gargajiya, irin na Bilma da na Foga, ba a saba sa masa wannan sinadari ba. Sauran ƙasashe sun daɗe da gano mafita: a Suwizalan an fara zuba iyodi cikin gishiri a 1922, a Amurka kuma a 1924. A 1994 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka yi kira da a sa shi cikin duk gishirin ci, a 1995 kuma gwamnatin Nijar ta wajabta haka.

Saura aiki a kanmu. Maigida, cefane nauyinka ne, ka duba rubutun da ke jikin leda kafin ka biya. Uwargida, ki adana gishirin a mazubi mai murfi, nesa da rana da laima da murhu, domin suna rage ƙarfin sinadarin. Ba ƙara yawan gishiri ake nema ba, giram 5 a yini shi ne iyakar baligi. Ɗan kasuwa kuma ya ji tsoron Allah, domin sayar da gishirin da babu iyodi da sunan mai iyodi algus ne, algus kuwa haramun ne.

Allah ya raya mana zuriya, ya buɗa ƙwaƙwalwarsu ga ilimi mai amfani. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.