Darasin Tattalin Arziki: Idan An Tafi Yajin Aiki, Wa Ke Asara?

Idan ma'aikatan masaƙa suka ajiye aiki, mai kamfani ne ke rasa riba, shi ya sa yakan gaggauta neman sulhu. Da yawa cikinmu muna zaton haka abin yake a aikin gwamnati, amma akwai bambanci. Gwamnati ba riba take nema a makaranta ko asibiti ba, kuma haraji da kuɗin mai suna shigo mata ko da an rufe aji. Asarar kan faɗa wa ɗalibai da marasa lafiya. A 2022 ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta yi wata takwas tana yajin aiki, ɗalibai suna zaune a gida.

Masu sukar ƙungiyoyin ma'aikatan gwamnati da wannan suke kafa hujja. Masu goyon baya kuwa suna cewa malami ɗaya ba zai iya ciniki da gwamnati ba, sai an haɗa kai. Suna tuna mana cewa sai bayan yajin aikin NLC da TUC aka ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a 2024.

Tambayarmu ga 'yan aji: ta yaya malami zai samu haƙƙinsa ba tare da an rufe mana aji ba?